Ambulan ɗin da ban ba Garba ba

Da sunan Allah mai rahama nake farawa.

Uwata,

Ina gaishe ki gaisuwar uba da ɗiya, ina roƙon Allah ya kai ki Yamai lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar aikin jinya da za ki shiga. Sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, shi ya sa tun kina cikin zani bakina bai taɓa kama sunanki ba, kuma yau ma ba zai kama ba. Na sa wannan takarda cikin jakar kwamfutarki da gangan, don na san nan za ki fara buɗewa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya muna tare. Dalilin rubutuna shi ne maganar da na ji kina yi da ƙawarki a tsakar gida. Ta ce da kin isa ki kai kwamfutar kasuwa a cire miki manhajar rubutu ta kyauta da na sa, wadda ku 'yan lakkol kuke ce wa lojisiyel, a sa miki babbar da ake amfani da ita a ofisoshi, wai kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Na ji kin ce to. Ina alwala lokacin, sai da na sake wanke fuskata don na manta ko na wanke.

Akwai kuma abin da na ɓoye miki shekara uku. Shekarar da kika fara neman shiga makarantar nan, sunanki bai fito cikin masu zama kwankur, jarrabawar shiga, ba, na ce miki Garba direba ne ya ɓatar da dosiyenki, ambulan ɗin takardunki, a hanyar Yamai. Ƙarya na yi miki, Uwata. Ban san da wane ido za ki dube ni bayan kin gama karanta wannan ba, amma ba zan bari ki bi hanyar da na bi kina tsammanin ba ta taɓa cin kowa ba. Ki yi haƙuri ki bi ni daga farko.

Kin san sana'ata. Tun kafin a haife ki nake zaune a rumfar nan kusa da meri, ofishin magajin gari, ina buga wa mutane takardu. Takardar sayen gona, ta neman aiki, ta koke, wasiƙar tsohuwa zuwa ga ɗanta da ya tafi cin rani bai dawo ba. Da tsohon keken rubutu na fara, wanda harafinsa ɗaya yake makalewa sai na ɗaga shi da farce. Abu ɗaya da zan faɗa game da keken nan, bai taɓa tambayata ko ni wane ne ba kafin ya yi aiki. Da zamani ya juya, mutane suka fara cewa takardata ta yi kama da ta kakanni, sai na sayar da bijimina na sayi kwamfuta tsohuwar hannu da injin bugawa.

A ranar da na kawo ta, Mushe Sumana ya tsallako titi ya zo taya ni murna. Kin san shi, Bazabarmen Damana mai koyar da lissafi a kwaleji, shi ya sa ake ce masa Mushe kamar kowane malamin lakkol, wanda gidansa yake kallon rumfata. Ya duba ta ya ce babu manhajar rubutu a ciki, amma yana da wata ta kyauta, tana rubutu, tana jera lissafi a gida-gida, tana duk abin da rumfata take bukata. Na ce, kyauta daga wa? Ya ce daga mutanen da suka yi ta, suna warwatse a duniya. Na ce, to wa zan ba tukuici?

Ya yi dariya ya ce, "Babu wanda za ka ba, Mamman. Ka ɗauka kamar gayya ce. Mutane sunka taru sunka nome gona, sunka ce kowa shi ɗiba."

Na ce, "Mushe, ko gayya sai an dahwa wa mutane tuwo. Wanga abu da babu mai shi, babu tukuici, babu ko na gode, akwai magana cikinai."

Ki lura, ba wauta ce zalla ba. A Kurfai muka tashi, kuma a nan ko kaza aka aiko maka sai ka ba ɗan aike wani abu, kuma ka san ranar da za ka rama. Kyautar da ba a san hannun da ya miƙo ta ba, tsofaffinmu ba su yarda ta kwana a gida. Zargina yana da tushe. Kuskurena shi ne na zargi abin da ba a karɓi kuɗina ba, na sakankance da abin da aka karɓa, kamar biyan kuɗi shi ne shaida. Don haka nasihata ta farko: idan za ki yi zargi, ki raba shi daidai. Ki tambayi mai kyauta me yake so, ki tambayi mai sayarwa ko nasa ne yake sayarwa.

Ni ban tambaya ba. Akwai wani mutum da yake zuwa ran kasuwa da jaka a kafaɗa yana gyaran wayoyi, kowa Injiniya yake ce masa, har yau ban san sunansa na yanka ba, ban san garinsu ba. Shi ya sa mini babbar manhajar daga wani ɗan kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, da yake rataye a wuyansa kamar laya. Ya ce irin ta ofishin minista ce. Na biya shi, har na ƙara masa da goro, na koma rumfa ina jin na sayi abu halal. Sai daga baya na gane masu ita ba su san an yi ni ba. Kuɗina aljihun Injiniya suka shiga, abin da ya sa mini kuwa na sata ne, an ɓalle masa kwaɗo. Ni da nake buga wa mutane takardar shaidar cewa gona ta mai sayarwa ce kafin a saya, ban nemi shaida ko ɗaya ba a kan abin da zan ci abinci da shi.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma bakina bai bar ni ba. A majalisar la'asar, gaban mutane, na riƙa tsokanar Mushe Sumana. In ya zo sai in ce ga mai kayan sadaka. Na ce araha ba ta ado, balle banza. Na ce takardar da aka buga da abin kyauta ko tambarin meri ba zai kama ta ba. Mutane suna dariya, shi ma yana murmushi yana shan shayinsa, sau ɗaya kawai ya ce mini, "Ranar da taka ta ƙi, ƙofata buɗe take." Na ce Allah ya kiyashe ni da wannan rana. Ki kiyayi yi wa kayan aikin wani dariya a gaban jama'a, Uwata. Ba don kawai rashin kyautawa ba ne. Kina gina katanga ne tsakaninki da ƙofar da wataƙila gobe ita kaɗai ce a buɗe.

Manhajar ta yi mini aiki kusan shekara biyu. A cikin watannin ƙarshe wani jan layi ya fara fitowa a sama yana cewa ba a tabbatar da ita ba. Na tambayi Injiniya, ya ce in danna in rufe, ƙyashin Turawa ne kawai. Na riƙa rufewa kullum kamar mai korar ƙuda.

Sai lokacin kwankur ɗinki ya zo. Kin tuna yadda kika haɗa komai, takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa, hotuna, duk an buga musu tambari. Abu biyu suka rage, fom ɗin makarantar da aka ce sai an cika da na'ura ba da hannu ba, da wasiƙar neman shiga. Kika ba ni tun da sauran kwana goma. Na ce wannan aikin rabin awa ne, bari in sallami baƙi tukuna, na gida ba ya ƙarewa. Ranar Litinin za a rufe karɓa a Yamai. Na bar shi har Lahadi, ranar kasuwa, da niyyar in buga da hantsi in ba Garba da zai tashi bayan azahar, kamar yadda kowa a garin nan yake aika takardunsa. Wannan ma kuskure ne mai zaman kansa. Aikin mutumin gida kada ki mayar da shi na ƙarshe don kin ga mai shi ba zai yi miki faɗa ba.

Na buɗe fom ɗin, na sa yatsa zan rubuta sunanki, ya ƙi. Ina ganin takardar amma ba ta karɓar ko harafi ɗaya. Jan layin nan da na yi watanni ina kora ya cika alkawarinsa. Na leƙa kasuwa, Injiniya bai zo ba ranar. Na kira shi, ya ce yana Bonkuku.

"Kak ka damu, Baba," in ji shi. "Akwai wani ɗan abu da na bar maka cikin ordinater, sunanai mabuɗi. Ka danna shi, ka ce i ga duk abin da yat tambaye ka. Ni kau ina tahe."

Na danna, na ce i, na ce i, na ce i. Kwamfutar ta yi nishi, ta mutu, ta tashi. Da ta tashi babu takarda ɗaya da take buɗuwa. Ba fom ɗinki kaɗai ba, duk abin da na buga cikin shekara biyu, har takardun gonakin mutane da nake ajiye musu. Cutar na'ura da ake ce wa birus ce na buɗe wa ƙofa da hannuna. Duk abin da ya ce miki ki ce i ba tare da kin karanta ba, mutum ne ko na'ura, ki janye hannunki tukuna.

Yanzu ga wurin da nake jin kunyar rubutawa. Azahar ba ta yi ba. Takardunki na hannu suna nan lafiya cikin ambulan. Fom ɗin ana iya sake saukar da shi. Na ɗaga kai, ga Mushe Sumana zaune a ƙofar gidansa ƙarƙashin dalbejiya, kwamfutarsa a kan cinya. Taku ashirin ne tsakaninmu. Har ya ɗago mini hannu ya ce, "Mamman, lahiya? Na ga kana zuhwa." Na ce lafiya lau, zafi ne. Da na tsallaka titin nan, da kafin a kira salla an gama. Amma majalisar la'asar ta tsaya mini a ido, na ji muryoyinsu suna cewa yau ga Mamman ya zo roƙon sadaka. Na zauna ina jiran Injiniya.

Garba ya cika motarsa, ya biyo ta gaban rumfa kamar yadda ya saba, ya leƙo ya ce, "Malam Mamman, ina saƙon ɗiyarmu? Ka ce akwai." Na ce ya tafi, wani zai kai. Ya ce, "In jira ka kaɗan?" Na ce a'a. Na bi ƙurar motarsa da kallo har ta ɓace.

Da na dawo gida kina tankaɗe, kika miƙe da garin a hannunki kika ce, "Baba, an ba shi?" Ban shirya ƙarya ba, wallahi. Fuskarki na gani, bakina ya ce an ba shi. Daga wannan kalma kuma na ɗaure kaina. Litinin da safe akwai sauran dama, da na je wurin Mushe da asuba na hau motar farko da kaina da wataƙila na isa. Amma yaya zan yi tafiyar Yamai alhali na ce saƙo ya riga ya tafi? Na koma rumfa na zauna ina kiran Injiniya, wayarsa a kashe. Bai zo ba ranar, bai sake zuwa kasuwar Filinge ba sai bayan damina.

Da jerin sunaye ya fito babu naki, kika yi kwana biyu ba ki ci abinci ba. Innarki ta tsare ni da tambaya, na ce ai direbobin nan ba su da amana, Garba ya yar da shi wani wuri. Tun daga ranar ba ki sake gaishe shi ba. Innarki ta daina aika masa da fura ran kasuwa. Shekarar da ta biyo baya ciwon innarki ya hana ki nema, ta bayanta kika zauna jarrabawar ba ki samu ba, sai bana Allah ya yi. Ina ƙirga shekarun nan ɗaya bayan ɗaya, na san ta farkon ni na ci miki ita, kuma a waccan shekarar karatunki yana da zafi a kanki, na tabbata da kin ci.

Bayan sati biyu yunwa ta yi abin da hankali ya kasa. Rumfa ba aiki, na ɗauki kwamfutar na tsallaka titin. Mushe Sumana ya karɓa, ya wanke ta tas, ya sa mini ta kyautar. Takardun gonakin mutane ba su dawo ba, sai da na bi gida-gida ina aro na hannunsu ina sake bugawa. Da ita nake aiki har yau, ita na sa miki, kuma tambarin meri yana kama takardunta lafiya lau.

Kada ki ɗauka na zama mai yi mata waƙa. Har gobe ina kallonta ta wutsiyar ido. Hankalina bai kwanta ba sai da Mushe ya nuna mini a shafinsu akwai wurin da mai so yake ba da gudummawa, na ce ashe dai ana karɓar tukuici, to yanzu na san da mutane nake hulɗa. Kuma tana da halinta. Wata rana na buga wa wani ɗan kasuwa jerin kaya a gida-gida, na ba shi a kile, ya kai wani ofis aka buɗe da babbar manhajar, layuka suka zame, buhunan gero suka koma ƙarƙashin wake. Ya dawo yana huci. Tun daga nan na koyi abu biyu. In takarda ta gama ce, karantawa kawai za a yi, ki mayar da ita PDF, wannan ba ta motsi ko a ina aka buɗe ta. In kuma malami ya ce yana son wadda zai yi gyara a ciki, ki tambaye shi irin da yake so, ki adana ta a haka, ta kyautar tana iyawa, sannan ki buɗe ta a kwamfutar wani ki gani da idonki kafin ki miƙa. Kada ki yi wannan gwajin a ranar ƙarshe.

Kuma ba duk abin da aka rubuta wa kyauta ne irin wannan ba. In za ki sabunta ta, ki je shafin masu ita kai tsaye, Mushe ya rubuta miki shi a bayan littafinki. Kada ki karɓa daga kilen kowa, ko na ƙawarki ne, ba ki san inda kilen ya kwana ba. Shafin da ya cika da maɓallai masu walƙiya kowanne yana cewa danna ni, ki fita. Wadda ta ce kyauta ce amma sai kin ba da lambar wayarki, ko ta ce takardunki a wurinsu za su zauna ba a wurinki ba, ki tsaya ki yi tambayar da na yi wa Mushe: me suke so? Tambayar ba ta da laifi, amsar ce ban tsaya na saurara ba. Duk abin da kika rubuta kuma ki ajiye shi wuri biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a kilen da na sa miki a ƙaramin aljihun jaka, kuma kilen nan kada ya shiga na'urar shagon fotokopi sai dole.

Ban ce wadda ake saya haramun ce ba. In makarantarku ta ba ku ita da izinin masu ita, ki karɓa ki gode. In wata rana kin fara ɗaukar albashi kin ga aikinki yana bukatarta, ki saya a hannun masu ita, a ba ki shaida da sunanki. Hanya biyu ce mai kyau, ta kyauta ta gaskiya da ta saye ta gaskiya. Ta ukun nan da ƙawarki take nuna miki, mai arahar da ake sawa a bayan rumfa, ita ce na bi. Za ta yi miki aiki wata da watanni, za ki ce Baba tsoro ne da shi. Ba ta ƙin aiki ranar da ba ki da abin yi, sai ranar da kika fi bukatarta. A shekararki ta ƙarshe za ki rubuta babban aikin kammala karatu, zai kasance yana da ranar miƙawa, kuma ni ba na nan balle ki ce in tsallaka titi.

Saura magana ɗaya. Watanni bayan abin nan na tarar da Garba a tasha yana ɗaure kaya. Maganar da na yi a kansa ta riga ta zaga gari, har wasu sun daina ba shi saƙo. Na tsaya a gefensa. Bai bar igiyar da yake ja ba ya ce, "Malam Mamman, na ji abin da anka ce na yi. Ban ce ma kowa komi ba. Ɗiya ta ƙi direba ya hi sauƙi da ta ƙi ubanta." Ya ci gaba da ɗaurinsa. Na nemi gafararsa ranar, ya ce ya yafe. Amma ban wanke shi a gabanki ba, ban wanke shi a gaban innarki ba, na bar shi yana ɗauke da kayana shekara uku. Innarki zan faɗa mata da bakina da zarar motarku ta tashi, majalisar la'asar kuma za ta ji daga gare ni.

Ina roƙonki gafara, Uwata. Ba na cewa ki yi sauri. In kin kira gida kin ce a ba innarki wayar ba ni ba, zan gane, kuma zan jira.

Amma kin san motar da na kama miki wuri a ciki, ta Garba ce. Kin ce ba ki son ta, na ce ita kaɗai ce mai wuri a gaba, wannan ma ba gaskiya ba ce, ni na zaɓa. In kin karanta wannan a hanya, mutumin da yake riƙe da sitiyari a gefenki bai taɓa ganin ambulan ɗinki ba. Ambulan ɗin yana nan cikin akwatina ƙarƙashin tsohon keken rubutu, da hotunanki a ciki. In kuma sai kin sauka kika karanta, Garba yana kwana a tashar Yamai, sai gobe da hantsi yake juyowa. Ki je ki gaishe shi.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane da na abin da ba ki sani ba. Allah ya ba ki ilimi mai amfani, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Innarki tana sa miki albarka, ni ma ina sa miki, in kin karɓa.

Babanki,
Mamman mai buga takarda, Filinge